Sa Hannun Shugaban Ƙasa Ba Ya Halatta Ƙasar Ƙwace

Ranar 25 ga Maris, 2019, Donald Trump ya zauna a fadar White House, Benjamin Netanyahu na tsaye a bayansa, ya rattaba hannu kan wata gajeriyar takarda da ke cewa Amurka ta amince Tuddan Golan yankin Isra'ila ne. Saura mako biyu a yi zaɓe a Isra'ila, Netanyahu kuwa yana neman ƙuri'a ido rufe. Ba a kai maganar gaban majalisar dokokin Amurka ba, ba a tuntuɓi Siriya mai ƙasar ba, ballantana a ji ta bakin Duruzawa, al'umma mai addininta, mazauna garin Majdal Shams da suka gaji zama a kan tuddan tun kaka da kakanni. Kafin a cika shekara biyu, a Disambar 2020, bayan ya faɗi zaɓe yana shirin barin fadar, Trump ya sake fito da irin wannan shela, wannan karon yana mai cewa Yammacin Sahara gaba ɗayanta ta Maroko ce. A ranar da aka bayyana hakan aka sanar cewa Maroko za ta ƙulla hulɗa da Isra'ila. Ba ni gishiri in ba ka manda ke nan, sai dai gishirin na wasu bayin Allah ne da ba su halarci cinikin ba.

Abin da nake gani shi ne, irin wannan shela tana da ƙarfi a kan ma'aikatan gwamnatin da ta fitar da ita, ba ta da ƙarfin ƙwayar zarra wajen mayar da ƙasar wani ta zama ta wani, amma duk da haka ɓarnar da take yi babba ce, kuma ƙasashe marasa ƙarfi irin namu su ne za su fi ɗanɗana kuɗarsu.

A cikin gida Amurka, dole a faɗi gaskiya, shugaban ƙasa yana da madogara. Tsarin mulkinsu bai fito fili ya faɗi wanda ke da ikon amincewa da wata ƙasa ba, abin da ya ce shi ne shugaban ƙasa ne ke karɓar jakadu. Daga nan al'ada ta ginu, domin wanda ke karɓar jakada shi ke yanke wace gwamnati ce ta cancanci turo jakadan. Da wannan iko Roosevelt ya amince da Tarayyar Sobiyet a 1933, Truman ya amince da Isra'ila minti 11 bayan an ayyana ta a 1948, Carter kuma ya juya wa Taiwan baya ya rungumi gwamnatin Beijin a farkon 1979. Maganar ta kai gaban Kotun Ƙoli a shari'ar Zivotofsky. Wasu Amurkawa ne suka haifi ɗa a Birnin Ƙudus a 2002, suka nemi a rubuta Isra'ila a matsayin wurin haihuwa a fasfonsa, kuma majalisa ta riga ta yi dokar da ta ba su wannan dama. Gwamnatin Bush da ta Obama duka suka ƙi aiki da dokar, saboda tun zamanin Truman matsayin Amurka shi ne ba a yanke makomar Ƙudus ba tukuna. A Yunin 2015 kotun ta yanke hukunci, alƙalai 6 suka rinjayi 3, cewa amincewa da ƙasa, har da iyakokinta, haƙƙin shugaban ƙasa ne shi kaɗai, kuma majalisa ba za ta tilasta masa ya ƙaryata kansa a takardar gwamnati ba. Falasɗinawa sun yi maraba da hukuncin a lokacin, domin ya hana a shigar da Ƙudus cikin Isra'ila ta bayan gida. Shekara biyu da rabi bayan nan, ranar 6 ga Disamba, 2017, wannan ikon dai da kotu ta tabbatar wa Obama shi Trump ya yi amfani da shi ya ayyana Ƙudus babban birnin Isra'ila.

To amma me wannan iko ya ƙunsa? Ya ƙunshi abin da za a rubuta a fasfo, da taswirar da ma'aikatar harkokin waje za ta buga, da inda za a buɗe ofishin jakadanci, da matsayin da kotunan Amurka za su ɗauka idan shari'a ta zo gabansu. Iyakarsa ke nan. Idan hakimin wani gari ya rubuta takarda ya buga hatimi cewa gonar da ke wata gunduma ta zama ta wanda ya shiga ya kori magada da gora, to magatakardansa da dogarawansa za su yi aiki da takardar, amma magada ba su rasa gadonsu ba, domin tun farko gonar ba ta hakimin ba ce. Trump bai mallaki Golan ba, bai mallaki Layun ko Dakhla, biranen Yammacin Sahara, ba. Wanda ba shi da abu ba ya kyauta da shi.

Ko a cikin gidan ma akwai tambayar da masu kare shelar ba sa son a yi. Majalisar dattawan Amurka ta amince da Kundin Majalisar Ɗinkin Duniya a Yulin 1945, kuma tsarin mulkinsu ya ce yarjejeniyar da aka amince da ita tana cikin manyan dokokin ƙasa, shugaban ƙasa kuma aikinsa ne ya tabbatar an bi doka. Kundin ya haramta amfani da ƙarfi a kan yankin wata ƙasa. Yaya za a ce ikon amincewa ya kai har ga sa albarka kan abin da kundin ya haramta? Kotunan Amurka ba sa son shiga irin wannan magana, sukan ce ta siyasa ce. Ƙin sauraron ƙara daban, wanke wanda ake ƙara daban.

A dokar ƙasa da ƙasa kuwa maganar Golan a bayyane take. Isra'ila ta ƙwace kusan kashi biyu cikin uku na tuddan a yaƙin Yunin 1967, dubun dubatar Siriyawa suka bar ƙauyukansu ba su sake komawa ba. A Nuwambar wannan shekara Kwamitin Sulhu ya fitar da ƙuduri mai lamba 242, wanda ya buɗe da cewa ba a yarda a mallaki ƙasa ta hanyar yaƙi ba. Ranar 14 ga Disamba, 1981, gwamnatin Menachem Begin ta shimfiɗa dokokin Isra'ila a kan Golan. Kwana uku kacal bayan nan kwamitin ya zartar da ƙuduri mai lamba 497, duka mambobi 15 suka ɗaga hannu, aka ce matakin ɓatacce ne, ba shi da wani tasiri a doka. Amurka na cikin waɗanda suka ɗaga hannu, kuma Ronald Reagan ne ke mulki, mutumin da ba wanda zai zarge shi da ƙin Isra'ila. Har dakatar da yarjejeniyar haɗin gwiwar tsaro ya yi da su don nuna ɓacin rai, kodayake da aka zo maganar takunkumi a Janairun 1982 Amurka ta hau kujerar na-ƙi. Duruzawan Golan su ma sun faɗi ra'ayinsu a 1982, suka shafe watanni suna yajin aiki don ƙin karɓar katin shaidar Isra'ila.

Abin da ya fi ciwo shi ne Amurka na cikin waɗanda suka kafa wannan ƙa'ida ta ƙin amincewa da ƙasar ƙwace. A Janairun 1932, da Japan ta mamaye Manchuriya, sakataren harkokin wajen Amurka Henry Stimson ya ce ƙasarsa ba za ta amince da duk wani sauyi da aka samar da ƙarfi ba. A Yulin 1940, da Stalin ya haɗiye Istoniya da Latbiya da Lituweniya, Amurka ta ƙi amincewa, ta tsaya a kan haka shekara hamsin har ƙasashen suka dawo da 'yancinsu a 1991. A 1990 Saddam ya ce Kuwait ta zama lardin Iraƙi na 19, Kwamitin Sulhu ya ce wannan magana ɓatacciya ce, Amurka ta jagoranci yaƙi a kai. Ranar 25 ga Yuli, 2018, Mike Pompeo, sakataren harkokin wajen Trump da kansa, ya fitar da sanarwa kan Kirimiya, yankin Yukren da Rasha ta ƙwace, yana kafa hujja da matsayin 1940, yana cewa ba wata ƙasa da za ta sauya iyakar wata da ƙarfi. Wata takwas cif bayan nan aka sa hannu kan shelar Golan. Mai dokar barci ya ɓuge da gyangyaɗi.

Masu goyon bayan shelar suna da hujjarsu, kuma ba daidai ba ne a yi kamar ba a ji ta ba. Suna cewa kafin 1967 daga kan tuddan sojojin Siriya ke harbo garuruwan Isra'ila da ke ƙasa, cewa yaƙin na kare kai ne, cewa a 2019 Siriya ta wargaje, dakarun Iran da Hizbullahi na yawo a kudancinta, don haka ba mai hankalin da zai ce Isra'ila ta sauka. Suna ƙara cewa shekara hamsin ta wuce, a yarda da abin da ke ƙasa kawai. Ko da an karɓi duk wannan, abin da yake haifarwa shi ne ci gaba da riƙe yankin na wucin gadi har a yi sulhu, kuma doka ta san da wannan, tana da dokokin mamaya. Mamaya ba ta zama mallaka don ta daɗe. Isra'ila da kanta ta san haka, shi ya sa ta mayar wa Masar da Sinai a 1982, shi ya sa Rabin da Barak da Olmert kowannensu ya tattauna da Damaskus kan mayar da Golan a madadin zaman lafiya. Kuma idan aka buɗe ƙofar cewa yaƙin kare kai yana halatta ƙwace, to an gama, domin ba a taɓa yin mai mamaya da ya ce shi ne azzalumi ba. A Disambar 2024 gwamnatin Asad ta faɗi, dakarun Iran suka fice, dalilin barazanar Iran da aka rubuta a takardar Trump ya yi rauni ƙwarai. Abin da ya biyo baya shi ne sojojin Isra'ila suka tsallaka cikin yankin tsakani da yarjejeniyar Isra'ila da Siriya ta 1974 ta ware, suka hau ƙololuwar Dutsen Hermon.

Na san yawancin masu karanta wannan ba sa bukatar a shawo kansu kan Golan da Ƙudus. Inda nake so mu tsaya mu dubi kanmu shi ne Yammacin Sahara. A kan Ƙudus an yi zanga-zanga, an yi huɗubobi, Najeriya na cikin ƙasashe 128 da suka yi watsi da matakin a Babban Zauren Majalisar Ɗinkin Duniya. A kan Sahara shiru kake ji. Maroko ƙasar Musulmi ce, akwai zumuncin ilimi da na ɗariƙa tsakaninmu da Fas mai dogon tarihi, kuma wannan zumunci abin girmamawa ne. Sai dai Saharawan su ma Musulmi ne, kuma ko da ba Musulmi ba ne ƙa'idar ba ta sauyawa.

Sifaniya ce ta yi wa yankin mulkin mallaka, kuma tun 1963 yana cikin jerin yankunan da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce ba su sami mulkin kai ba. Maroko da kanta ce ta matsa aka kai maganar Kotun Duniya. Ranar 16 ga Oktoba, 1975, kotun ta ce lallai akwai wasu ƙabilun yankin da suka yi wa Sarkin Maroko mubaya'a, amma wannan bai kai ga mallakar ƙasa ba, kuma bai hana mutanen yankin zaɓar makomarsu ba. Makonni uku bayan nan Sarki Hassan na Biyu ya tura mutum 350,000 suka tsallaka iyaka a tattakin da ake kira Koren Maci. Sifaniya, Janar Franco na kan gadon mutuwa, ta miƙa ragamar yankin ga Maroko da Muritaniya ta fice. Ƙungiyar Polisario mai neman 'yancin Saharawa ta ayyana jamhuriya a Fabrairun 1976, aka gwabza yaƙi, Muritaniya ta janye a 1979, Maroko ta gina katangar yashi mai tsawon kusan kilomita 2,700 cike da nakiyoyi. A 1991 aka tsagaita wuta bisa alƙawarin ƙuri'ar raba gardama, har aka kafa rundunar Majalisar Ɗinkin Duniya mai suna MINURSO don ta gudanar da ita. Yau fiye da shekara talatin ba a kaɗa ƙuri'ar ba. Akwai waɗanda aka haifa a sansanonin Tinduf a hamadar Aljeriya, suka girma, suka haifi 'ya'ya a can, suna jiran wannan ƙuri'a.

Sai ga takardar Trump tana cewa ƙasar Saharawa mai cin gashin kanta ba abu ne mai yiwuwa ba, mafita ɗaya ita ce ƙwarya-ƙwaryar mulki a ƙarƙashin Maroko. Wataƙila idan aka tambayi Saharawa za su zaɓi hakan, haƙƙinsu ne su zaɓa. Abin da ba haƙƙin kowa ba shi ne ya zaɓa musu. James Baker, tsohon sakataren harkokin wajen Amurka ɗan jam'iyyar Trump, wanda ya yi shekara bakwai yana wakiltar Majalisar Ɗinkin Duniya kan wannan rikici, ya fito ya soki matakin. Sanata Jim Inhofe, shi ma ɗan jam'iyyarsu, haka.

Haka nan masu tafa wa Putin. Ranar 21 ga Fabrairu, 2022, ya sa hannu kan dokokin amincewa da Donetsk da Luhansk, yankunan gabashin Yukren, a matsayin ƙasashe, kwana uku bayan nan tankokinsa suka shiga Yukren, a ƙarshen Satumba ya ce yankuna huɗu sun zama Rasha har abada. Wanda ya ƙi shelar Golan ya yi na'am da wannan, ba doka yake karewa ba, gwaninsa yake bi.

Akwai masu kwantar da hankali da cewa tunda shelar ba ta da ƙarfin doka, kuma sabon shugaba na iya soke ta da alƙalami ɗaya, ba abin damuwa ba ne. Ban yarda ba. Biden ya yi shekara huɗu bai soke shelar Ƙudus ko ta Golan ko ta Sahara ba, domin sokewa tana da tsadar siyasa fiye da yin shiru. A kan Golan duniya ta dage, ƙasashen Turai da na Larabawa suka yi watsi da shelar. A kan Sahara kuwa, inda aka yi shiru, dubi abin da ya faru. Sifaniya ta koma bayan shirin Maroko na ba yankin ƙwarya-ƙwaryar mulki a ƙarƙashinta a 2022, Faransa a 2024, Ingila a 2025, ƙasashen Afirka masu buɗe ƙananan ofisoshin jakadanci a Layun da Dakhla suka ƙaru, har a ƙarshen Oktoban 2025 Kwamitin Sulhu ya zartar da ƙudurin da ya ɗauki shirin Maroko a matsayin tushen tattaunawa, duk da bai soke haƙƙin zaɓin makoma ba. Kotuna ne suka fi tsayawa. A Oktoban 2024 kotun Tarayyar Turai ta soke yarjejeniyoyin kamun kifi da kayan gona da aka ƙulla da Maroko, saboda sun shafi Yammacin Sahara ba tare da yardar mutanenta ba. Shela ba ta sauya doka a ranar da aka sa mata hannu, tana dai sa mutane su saba da abin da jiya suke kira haram, kuma ita dokar ƙasa da ƙasa da abin da ƙasashe ke aikatawa take rayuwa.

Mu a nan ba 'yan kallo ba ne. Iyakokinmu Turawa suka shata, sun raba Katsina da Maraɗi, sun raba Daura da Damagaram, kuma shugabannin Afirka da suka taru a Alƙahira a 1964 sun san da haka sarai, amma suka amince a mutunta iyakokin da aka gada, don sun hango cewa buɗe wannan ƙofa yaƙi ne marar ƙarshe. A lokacin yaƙin basasa Tanzaniya da Gabon da Kwaddibuwa da Zambiya sun amince da Biyafara a 1968, Haiti ta bi su. Najeriya ta ce amincewar wani shugaba daga nesa ba ta yanka ƙasa gida biyu. A Nuwambar 1984, zamanin Janar Buhari, Najeriya ta amince da jamhuriyar Saharawa, a daidai lokacin da Maroko ta fice daga Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka saboda an ba Saharawa kujera.

Bakassi ma ta koya mana iyakar ikon sa hannun shugaba, ta hanya mai ɗaci. A shari'armu da Kamaru, lauyoyin Najeriya sun ce sanarwar garin Marwa da Gowon da Ahidjo, shugaban Kamaru na lokacin, suka sa wa hannu kan iyakar ruwa ranar 1 ga Yuni, 1975 ba ta ɗaure Najeriya ba, domin Majalisar Ƙoli ta Soja ba ta tabbatar da ita ba. Kotun Duniya a hukuncinta na 10 ga Oktoba, 2002 ta ƙi karɓar wannan hujja, ta ce sa hannun shugaban ƙasa ya ɗaure ƙasarsa. Ita Bakassi kanta an yanke ta ne bisa yarjejeniyar Ingila da Jamus ta 1913. Obasanjo ya sa hannu kan yarjejeniyar Greentree ta miƙa Bakassi ga Kamaru a 2006, majalisar dattawa ta yi ƙorafi a 2007 cewa ba a kawo mata ba kamar yadda sashe na 12 na tsarin mulki ya tanada, amma gwamnatin 'Yar'aduwa ta kammala miƙawa a Agustan 2008. A gefen Tafkin Chadi ma an miƙa Darak da ƙauyukan da ke kewaye da ita, inda masunta 'yan Najeriya suka daɗe da zama. Ya yi zafi, har yau akwai masu jin an cuce su, kuma batun tsugunar da mutanen Bakassi bai ƙare ba. Amma a lura da bambancin. Gowon da Obasanjo a kan iyakar ƙasarsu suka sa hannu, da maƙwabcin da abin ya shafa, kuma kotu ce ta raba gardama. Nijar da Benin ma haka suka yi kan tsibirin Lete, kotu ta ba Nijar a 2005, Benin ta karɓa. Ƙasashen da suka haɗiye irin wannan ɗaci don girmama doka suna da bakin da za su ce wa Washinton da Mosko ba a yin haka.

Shi ya sa nake ganin bai kamata Abuja ta bari cinikin takin zamani da aikin bututun gas da aka sanar lokacin ziyarar Sarkin Maroko Muhammad na Shida a Disambar 2016 su sa ta sassauta murya ba. A yi ciniki da Maroko, a yi zumunci, babu laifi. Amma duk lokacin da maganar ta taso a Addis Ababa ko a New York, wakilin Najeriya ya maimaita cewa makomar Yammacin Sahara sai da yardar Saharawa, Golan ƙasar Siriya ce da aka mamaye, yankunan Yukren kuma na Yukren ne. Kuma idan bututun zai bi ta gaɓar tekun Dakhla, majalisar tarayya ta nemi ganin yadda aka rubuta sunan yankin a cikin yarjejeniyar kafin a sa hannu.